Abin da jiki ke yi da nauyin da aka ɗora masa

Duk wanda ya taɓa bi ta Dandalin Murtala ko bakin filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna da sanyin safiyar Asabar ya san irin taron da nake nufi. Ga masu sassarfa rukuni-rukuni, ga dattawa suna tafiya da sauri carbi a hannu, ga yara ƴan ƙwallo suna zagaye fili koci na bin su da usur. Can gefe kuma sai ka hangi wani bawan Allah ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi a kai, alhali watan Afrilu ake ciki, yana haki kamar ransa zai fita. In ka shiga lungunan Tudun Wada ko Rigasa, wani salon za ka tarar. Samari sun cika gwangwanayen fenti biyu da siminti sun soka bututun ƙarfe a tsakiya, ko sun je Panteka an haɗa musu tsofaffin ƙarafan mota da walda, suna ɗagawa ana yi musu ƙirga.

Wannan himma tana faranta mini rai ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da kusan kowa ya riƙe. Tambayi mutum yaya atisayen yau, sai ya ce maka ya yi kyau, ya jiƙe sharkaf, ko kuma ya ce na shekaranjiya ne ya shige shi don har yau ba ya iya tsugunawa. Wato wahala ita ce shaida, wanda ya fi shan wuya shi ya fi cin riba. Ilimin motsin jikin ɗan Adam, wanda ake koyarwa nan kusa da mu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe da gano cewa jiki ba ya lissafi da wahala. Lissafinsa shi ne wane irin nauyi aka ɗora masa, a kan wace gaɓa, sau nawa, kuma wane hutu aka ba shi kafin a sake ɗorawa. Mutum biyu za su iya zubar da gumi iri ɗaya, ɗaya ya ƙara ƙarfi, ɗaya ya ƙare a gidan maɗori.

Kafin in yi nisa, akwai kalmar da take rikita mana zance, ita ce jijiya. Da ita muke kiran bututun da jini ke bi, da ita muke kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ita kuma muke kiran farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi. Mahauta sun raba mana gardama tuni, ta ukun nan agara suke ce mata, kuma haka zan kira ta. Babban mutum yana da ƙashi 206 da tsokoki fiye da 600. Tsoka ba ta san turi ba, ja kawai ta iya. Ta ja agara, agara ta ja ƙashi, ƙashi ya juya a gaɓa. Duk wani motsi, daga ɗaga cokali zuwa bugun ƙwallo, daga nan yake fitowa.

Wanda ya san jigo, irin wanda masu lambu ke ɗebo ruwa da shi a fadama kafin injin ban ruwa ya yawaita, ya san babban kaso na wannan ilimi. Doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a dogon ɓangare, curin laka ko dutse a gajeren ɓangare. Dole curin ya fi gugan ruwa nauyi nesa ba kusa ba, saboda yana kusa da gwafa. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, shi ya fara zama ya yi wa gaɓoɓin jiki irin wannan lissafi, a littafinsa kan motsin dabbobi da ya fito a 1680 bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa tsokokinmu a gajeren ɓangare suke zaune. Ɗauki ƙwanji. Agararsa tana manne da ƙashi kimanin santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana can wajen santimita 35. Saboda haka in ka riƙe kilo 10 a tafin hannu, gwiwar hannu a lanƙwashe, tsokar tana jan abin da ya kai kilo 70. A fuskar ƙarfi asara ce, amma a fuskar sauri riba ce babba, domin tsoka ta gajarta da santimita ɗaya sai hannu ya yi tafiyar santimita bakwai. Da wannan ne muke iya jifa da gudu da naushi.

Amfanin sanin haka yana bayyana a bakin Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, inda ƴan dako ke sauke kaya daga mota. Lura da wanda ya daɗe a sana'ar. Ba ya miƙa hannu ya jawo buhu daga nesa. Matsawa yake yi har ƙirjinsa ya taɓa buhun, ya buɗe ƙafafu, sannan ya miƙe da shi a manne da jiki. Bai karanta Borelli ba, amma kwankwasonsa ya koya masa cewa nisan kaya daga ƙashin baya shi ke ninka nauyinsu. A 1999 wasu masana a Jamus sun sa na'urar awo a cikin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayan wani mutum. Da ya sunkuya ya ɗaga kilo 20, ƙafafu a miƙe, baya a tanƙware, matsin da ke kan faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya rungume wannan kaya a jikinsa, matsin bai wuce ninki biyu da ɗan wani abu ba. Kaya ɗaya ne, mutum ɗaya ne, tazara ce ta bambanta. Kada wannan ya sa a ɗauki baya a matsayin ƙwai. Baya gini ne mai ƙwari, yana sabawa da sunkuyo da ɗauka in an bi da shi a hankali. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ma'aikacin ofis da ya shekara bai ɗaga abin da ya fi jakar kwamfuta ba, ranar nan kuma ya ce shi zai sauke buhun siminti mai kilo 50 daga bayan mota.

To, yaya tsoka take yin jan? A 1954 rukuni biyu na masana suka ba da amsa a lokaci guda, kuma kowane rukuni akwai mai suna Huxley a ciki, ko da yake ba dangin juna ba ne. A cikin kowane silin tsoka akwai zaruruwa iri biyu, masu kauri da sirara, sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Masu kaurin suna da ƙananan kawuna da ke kama siraran su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar mutane da yawa suna jan guga daga rijiya hannu bayan hannu. Abin lura a nan shi ne tsoka tana aiki ta hanya uku. Tana iya ja tana gajarta, kamar lokacin ɗaga jarka. Tana iya ja ba ta motsa ba, kamar lokacin riƙe ta. Tana kuma iya ja alhali ana miƙar da ita, kamar lokacin sauke jarkar a hankali don kada ta fashe.

Wannan na ukun shi ne uban tsamin jiki. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena a Zariya zai shaida cewa hawan ne ke sa haki, amma gangarowar ce ke hana shi tsugunawa bayan kwana biyu, domin a gangare tsokar cinya birki take ja a kowane taku. Irin wannan aiki yana jawo ƴan ƙananan raunuka a silin tsoka da naman da ke kewaye da shi, jiki kuma ya taso da gyara, wurin ya ɗan kumbura ya yi zafi. Tsamin yakan kai ƙarshensa tsakanin awa 24 zuwa 72. Za ka ji masu horarwa suna cewa wani sinadari mai tsami ne ya taru a tsoka, a zo a matse shi. Wannan sinadari yana nan da gaske, amma cikin kamar awa ɗaya da gama atisaye jini ya kwashe shi, ba shi da hannu a ciwon jibi. Ga kuma abin da ya kamata ya kashe gardamar. In ka koma Kufena bayan mako biyu ka yi irin hawan da ka yi, tsamin ba zai kai na farko ba. Ashe tsami baƙunta yake nunawa, wato jiki ya gamu da abin da bai saba ba. Mutum yana iya ƙara ƙarfi wata da watanni ba tare da ya ji shi sosai ba.

Dole kuma a raba tsami da ciwo. Tsami a cikin naman tsoka yake, yakan kama ɓangarori biyu, kuma yana sassautawa in jiki ya ɗau ɗumi. Suka a cikin gaɓa, kumburin gwiwa, ko zafin da za ka nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wannan wani zance ne daban, jiki ne ke ba da labari. Jiki magayi, in ji Hausawa. Shi ya sa nake jin tsoro in na ji yaro yana shan tiramadol ko wani maganin kashe zafi kafin ya shiga fili. Ya toshe bakin mai ba shi labari, ɓarnar kuwa tana ci gaba.

Wani abin da ke ba sababbin masu ɗaga ƙarfe mamaki shi ne a makonni uku ko huɗu na farko nauyin da suke ɗagawa yana ƙaruwa da sauri, amma in sun duba madubi babu abin da ya canza. Sai wasu su karaya, wasu su tafi neman allurar kumbura tsoka. Alhali abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwa da laka ne ke koyon aiki. Suna koyon tayar da silin tsoka da yawa a lokaci guda, da sassauta tsokar da ke adawa da motsin, da jera komai bi da bi. Girman tsoka sai daga baya yake fitowa fili, bayan makonni shida zuwa takwas ko fiye. Tun 1894 aka lura cewa in mutum ya horar da hannu ɗaya kawai, ɗaya hannun ma yana ƙara ƙarfi ko da bai taɓa ƙarfe ba. Ƙarfi ke nan gwaninta ce da ake koyo, kamar tuƙi ko ɗinki, kuma wanda ya koye ta a karkace, a karkace za ta zauna masa.

Ɗan dambe ya fi kowa nuna wannan. Idon ƴan kallo yana kan hannun da aka naɗe, shi ake kira mashi, ɗayan kuma garkuwa. Amma naushin da ke kai mutum ƙasa daga ƙafar baya yake tasowa. Ƙafa ta tokari ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, kafaɗa ta bi, hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Wani bincike da aka yi kan ƙwararrun ƴan damben zamani a tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1985 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin naushi ke fitowa daga hannu, sauran na ƙafa ne da gangar jiki. Haka macen da ta iya daka take yi. Da gwiwa da ƙugu take tayar da taɓarya, shi ya sa take daka kwanon gero ba ta gaji ba, yarinya mai koyo kuwa da kafaɗa take yi, nan da nan ta sare. Saurayin da ya shekara yana gina ƙirji da ƙwanji ya bar ƙafafu kamar sillen kara ya gina soro ne a kan ginshiƙi marar ƙwari.

Yanzu ga ainihin maganar. Jiki ba ya riƙe abin da ba ya bukata, domin tsoka da ƙashi suna da tsadar ciyarwa. In an ɗora masa abin da ya ɗan fi abin da ya saba, sai ya gyara kansa ya ƙara kaɗan don gaba. In an daina ɗorawa, sai ya rage. Wanda ya mai da wannan tsari a asibiti shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. A 1945 yana fama da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunukan gwiwa, waɗanda ake lallaɓawa da motsi marar nauyi ba sa warkewa da wuri. Sai ya nemo wa kowane soja nauyin da zai iya ɗagawa sau goma ba ƙari, yana sake aunawa kowane mako yana ƙarawa. Sojojin suka miƙe da sauri fiye da yadda aka saba gani. Zagaye uku na goma-goma da ake ƙirgawa yau a kowane gidan motsa jiki a Barnawa ko Malali daga aikinsa ya samo asali. Sai dai an riƙe ƙirgar an manta da ruhinta, wato awo da ƙari kaɗan-kaɗan.

Nan ne aibin gwangwanin siminti yake. Nauyinsa ɗaya ne har abada. Ga sabon shiga ya yi yawa, ga wanda ya yi wata uku ya yi kaɗan. Ni a ganina jarkar ruwa ta fi shi, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, kana iya farawa da lita 8 ka ƙara ɗaya ko biyu duk mako har ka cika 25, kuma ka san abin da kake ɗagawa. Ƙaramin littafi da biro sun fi kowace ƙwaya amfani a wannan harka. In abin da ka rubuta yau ya fi na watan jiya, kana ci gaba, ko ka yi gumi ko ba ka yi ba.

Sai dai akwai tarko, kuma shi ne ya fi kama masu himma. Sassan jiki ba sa sabawa da sauri iri ɗaya. Numfashi da zuciya suna gyaruwa cikin makonni kaɗan. Tsoka tana da wadatar jini, ita ma ba ta daɗewa. Agara da igiyoyin gaɓa jininsu kaɗan ne, watanni suke bukata. Ƙashi ma yana sake gina kansa daidai da nauyin da yake ɗauka, kamar yadda likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana a 1892, amma shi ma aikin watanni ne. A gudu, kowane taku yana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin mutum sau biyu zuwa uku, kuma kilomita ɗaya taku ne wajen dubu. Sai mutum ya fara sassarfa, bayan wata guda ya ji haki ya ragu, ya ga ai ya zama gwani, ya ninka tafiyarsa a kan kwalta. Huhu ya yarda, tsoka ta yarda, agarar dunduniya da ƙashin ƙwauri kuwa ba a tambaye su ba. A wata na biyu ko na uku ne ake yawan ganin ɗingishi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan maganar ba ta ladabi ba ce kawai, haka halittar take.

Ginin ma ba a fili ake yin sa ba, a fili rushewa ake yi. A barci da abinci ake ginawa. Tsokar da aka wahalar yau tana son kamar kwana biyu kafin a sake matsa mata. Abin gina jiki kuwa ba sai na gwangwani mai tsada ba: wake, awara, ƙwai, nono, gyaɗa, kifi, nama in an samu. Wannan ne ya sa lebura mai haƙar rami kullum ba ya ta ƙara girma har abada. Jikinsa ya kai daidai bukatar aikin ya tsaya, in kuma babu hutu babu ci, sai aikin ya koma cin sa.

Kaduna garin ƙwallo ne. Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk nan aka haife su, kuma duk suna cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Amokachi kuwa ciwon gwiwa ne ya gajarta masa zamani. Idan na tsaya kallon atisayen yara a unguwa, abin da na fi gani shi ne zagayen fili har a gaji, sai tsallen kwaɗo in an yi laifi. Ƙwararren ɗan wasa yana cin kilomita 10 ko 11 a wasa ɗaya, gaskiya ne, amma yawancinta tafiya ce da sassarfa. Abin da ke yanke wasa shi ne fizgar daƙiƙa biyu ko uku, da birki, da juyawa, da dira bayan tsalle. Jiki a kan abin da aka horar da shi yake ƙwarewa, kuma a wajen birki da dira ne igiyar cikin gwiwa take tsinkewa, musamman in gwiwar ta faɗa ciki ƙafa na kafe a ƙasa. Tsallen kwaɗo na gwale-gwale, ga yaron da ya riga ya gaji, dira marar kyau yake koya masa sau ɗari.

Akwai magani, kuma kyauta ne. Shirin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+ minti 20 ne kacal, ya ƙunshi gudu mai sauƙi, ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira gwiwa na kallon yatsun ƙafa. An gwada shi a nan Najeriya, a gasar matasa ta Legas, aka buga sakamakon a 2014: ƙungiyoyin da suka yi shi raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. A cikinsa akwai wani motsi da yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗawa gaba a hankali yana ja da tsokar bayan cinya. Bincike da yawa da aka tattara sun nuna wannan motsi kaɗai yana rage yagewar tsokar da kusan rabi. Ba ya bukatar ko sisi, koci ne kawai zai yarda ya rage zagaye ya ba shi wuri.

Mu koma kan mai leda. Tsoka inji ce mai zafi, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na makamashin da take ƙonawa ke zama motsi, sauran zafi ne da dole a fitar. Gumi yana sanyaya jiki ne in ya bushe a kan fata. Leda tana hana shi bushewa, sai jiki ya ƙara zubo da wani, ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, zafin ciki ya hau. In ya haura digiri 40, rai ake magana. A zafin Maris da Afrilu mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa ko babu leda. Kilon da sikeli ya nuna ya ragu ruwa ne, da an sha ya dawo. Kitse ta huhu yake fita. Lissafin da aka buga a 2014 ya nuna cewa in mutum ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 yana fita ne a matsayin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, kilo 1.6 ya zama ruwa. Jiki kuma ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba, don haka kwanciya da tashi sau ɗari yana ƙarfafa tsokar ciki ne a ƙarƙashin tumbin da ke nan daram. Kilo ɗaya na kitse kalori ne wajen 7,700. Mai nauyin kilo 70 yana ƙona kimanin 70 a gudun kilomita ɗaya, wato sai ya yi gudun da ya wuce nisan Kaduna zuwa Zariya kafin ya cinye kilo guda. Kwalbar lemo ta rabin lita kuma tana mai da masa kilomita uku. Wanda yake son tumbi ya tafi, dole kwanonsa ya shiga lissafi.

Wannan ba ya rage darajar motsi ko kaɗan, domin ribarsa ta fi sikeli girma. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jerry Morris, ya duba ma'aikatan bas na Landan wajen 31,000, ya tarar cewa kwandastocin da ke yini suna hawa da sauka a bas mai bene ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma in tana aiki tana jan sa ko da sinadarin insulin bai wadata ba, shi ya sa tafiya bayan tuwon dare take da amfani ga mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, sannan kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun ne aka fi watsi da shi, musamman a wajen mata, don tsoron kada jiki ya koma irin na maza. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye, ba za ta wayi gari da ƙwanjin ɗan dambe ba. Ita ce ma ta fi bukatar nauyi, domin ƙashinta yana saurin yin laushi bayan al'ada ta ɗauke. Kuma ana iya yi a tsakar gida da jarka da kujera. Mai hawan jini dai ya fara ganin likita, kada kuma ya riƙe numfashi in yana ɗagawa. Duk wanda ya ji nauyi ko zafi a ƙirji ya tsaya nan take.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne dattawa. Daga wajen shekara 30 tsoka take fara raguwa a hankali, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Muna ganin sa a masallaci, kujerun sahu suna ƙaruwa. Mai uzuri addini ya sauƙaƙa masa, babu mai ja da wannan. Amma sau da yawa abin da ya kai mutum kujera raunin cinya ne ya haɗu da ciwon gwiwa, ciwon ya sa ya daina motsi, rashin motsin ya ƙara raunana cinyar. A 1990, a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, an sa mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa uku. Tsokar ɗan shekara 90 ma tana jin kira.

Da wannan na je wa kawuna a Unguwar Sarki, wanda ya kai ga sai ya dafa bango yake tashi. Na ce, “Kawu, ku zauna a kujerar nan ku miƙe ba tare da kun dafa ba, mu ga sau nawa za ku iya.” Ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, ni da gwiwa ke ciwo za ka sa ni aikin soja?” Na ce ai likitansa ma ya ce ƙarfafa cinya na cikin maganin, in ya ji suka a gaɓa mu tsaya. Ya yi huɗu ya ce ya isa, na rubuta huɗu a bayan kalandar ɗakinsa. Muka yi yarjejeniya kan Asabar da Litinin da Laraba bayan la'asar, a ƙara ɗaya in na baya bai bar masa ciwo ba. Da ya kai goma sha biyu sau biyu, muka koma kujerar da ta fi gajarta da kamar faɗin tafin hannu, ƙirga ta koma biyar.